Askar Baba da Tukunyar Inna

Ku 'ya'yana, kun san ubanku da surutu. Uwarku ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa jin ƙarar ruwan sama ba, don duk sanda hadari ya sauko ina tsakiyar labari. Na yarda. Na kuma yarda cewa kurayen nan goma da nake cewa na kora da takalmi a hanyar Tirwun kura ɗaya ce, gurguwa, ita ma ba ni ta gani ta gudu ba. To amma abin da zan rubuta a wannan babi ban sa masa gishiri ba, don ba ya bukata. Kun tashi kuna jin ana nuna ku da baki ana cewa jikokin wanzamin da ya yanka amininsa ne. Kun sha tambayata, ni kuwa in kawar da zancen da wasa. Ba rashin amsa ba ne. Alkawari aka ɗaure mini baki da shi, kuma ta ƙarshe cikin waɗanda alkawarin ya shafa bara ta koma ga Ubangijinta. Yanzu bakina nawa ne.

Gidanmu na unguwar Wunti a Bauci, inda aka haife ni, ƙasashe biyu ne a cikin katanga ɗaya. Zaure ƙasar Baba ce. Kakanku, Malam Ɗanjuma wanzami, jikan Barebari ne, dogo, mai ƙarancin magana, wanda Allah ya ɗauki duk surutun da ya hana shi ya juye mini. A zamaninsa kan da Baba bai aske ba a Wunti sai dai kan kabewa. Hannunsa ba nauyi ko kaɗan. An ce ya taɓa aske wani mahauci yana gyangyaɗi, mutumin ya farka ya tafi gida, sai da matarsa ta yi salati sannan ya san an taɓa shi. Aski, ƙaho, kaciya, cire belu, duk a zauren nan ake yi, kuma ni ma a lokacin na riga na zama cikakken wanzami, ina da zabirata, ina da gidajen da nake zagayawa, ga sabon aure, uwarku na ɗauke da cikin fari.

Cikin gida kuwa ƙasar Inna ce. Kakarku tana da wata baƙar tukunya a bayan ɗakinta wadda ta gada daga uwarta, a ciki take haɗa wani jiƙo da matan unguwa suke kira mai-saki. Akwai tafarnuwa a ciki, da kanumfari, da citta, da sassaƙen wani itace da wata tsohuwa take kawo mata daga duwatsun bayan Tirwun, wanda har ta mutu ba ta faɗa wa kowa sunansa ba. Warinsa kaɗai ya isa ya tada jaki daga kwance. Matar da al'adarta ta ɗauke, da wadda mara ke murɗa, da wadda ta daɗe ba ta samu rabo ba, duk wurin Inna suke zuwa, su shigo a lulluɓe su fita da 'yar kwalba a ƙarƙashin mayafi. Kuma Inna tana da doka wadda ba ta taɓa karyawa: ba ta ba mai ciki, ba ta ba mai jego, ba ta ba mace a kwanakin jininta. Ta san abin yana sakin jini ya hana shi tsayawa. Kowace mace a Wunti ta san haka.

Namiji ko ɗaya bai sani ba. Me zai kai namiji ga sanin abin da mata ke sha don mararsu? Baba yana wuce tukunyar nan kullum in zai zaga, ya kawar da kai kamar ya ga surukarsa tana wanka. Inna kuma ba ta taɓa leƙa zaure ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce mai gidan nan. Shi yana waje yana fitar da jini, ita tana ciki tana tsinka shi, tsakaninsu bai fi ka jefa goro a cafe ba, kuma shekara da shekaru ba wanda ya tambayi wani yadda aikinsa yake. Mu a wurinmu wannan shi ne mutunci. Har alfahari muke yi da shi.

Aminin Baba shi ne Baffa Sule tela. Bafillace ne, siriri kamar allurarsa, shagonsa na kallon zaurenmu. Tun suna samari suke tare, kuma tun suna samari ba su taɓa gaisawa ba tare da zagin wasa ba. Da safe Baffa zai ɗago kai daga kan keken ɗinki ya tambaya ko bawansa Babarbare ya tashi lafiya, Baba kuma ya ce ya tashi, yana jiran a kawo masa kan Bafillace ya duba ko akwai wani abu a ciki ban da nono. Wannan ita ce doguwar maganar da Baba ke yi a yini, kuma Baffa kaɗai yake yi wa ita. Shi ya ɗinka mini rigar angonci bai karɓi komai ba, ya ce ba ya cin kuɗin bayi. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi a tsakaninsu: Baffa Sule da matarsa Goggo Mairo sun daɗe tare Allah bai ba su haihuwa ba. Wannan magana ko da kuskure ba ta taɓa shiga zaure ba.

Shekarar da za a ba da mulkin kai, garin Bauci kamar an zuba masa yaji. Motoci masu lasifika suna yawo, kowa ya zama masanin siyasa, har mai sayar da gawayi yana da ra'ayi a kan Ingila. Teloli kuwa ba su ga ta zama ba, don an ce duk ɗan makaranta sai ya sa sabon kaya ranar bikin. Baffa Sule ya karɓi ɗinkin da ko aljanu ba za su gama ba. Ana cikin haka, da damina ta yi tsakiya, tari ya kama shi, irin mai ƙaiƙayin maƙogwaro, ya hana shi sakat. Ya ce belunsa ne ya sauko, wato ɗan naman nan da ke reto a can cikin baki, kuma so yake bawansa ya cire masa shi ya huta. A lokacin ba wani babban abu ba ne. Baba ya cire wa jarirai da manya belun da in aka tara su za su cika masaki.

Da hantsi aka yi, ina riƙe da kan Baffa. Kafin Baba ya ɗauki aska ya yi masa tambayar da yake yi wa kowa, wadda shi ma ya gada daga ubansa ba tare da ya san duk dalilinta ba.

"Sule, ka sha wani magani kwanakin nan?"

"Ni? Mu da aka raina da nono me za mu yi da magani? Ku Barebari ne kuke shan saiwa kamar awaki. Yi aikinka, bawa, ɗinki na jirana."

Baba ya yi murmushi, ya danne harshen, ya ɗauke belun da sara ɗaya. Na ga aikin da idona, kuma na rantse muku da Wanda raina ke hannunsa ban taɓa ganin yanka mai tsabta kamarsa ba. Aka ba Baffa ruwan bagaruwa mai ɗumi ya kuskure. A ƙa'ida jinin kan tsaya kafin mutum ya gama yi wa wanzami godiya. Baffa ya tofar, ja. Ya sake kuskurewa ya tofar, ja. Har ya yi wasa ya ce jinin Fulani ne, ba ya son a taɓa shi da hannun talaka. Baba ya sa garin bagaruwa a auduga ya danna wurin. Ya sa toka. Ya gasa ƙarfe ya taɓa. Jinin ba tsartuwa yake yi ba, da ma a ce haka ne. Tsatsafowa yake yi a hankali, tsararo kamar ruwan zoɓo, ba ya kauri, ba ya daskarewa ko a cikin kaskon da yake tofawa. Da azahar ta yi Baffa ya daina wasa. Da na ga leɓensa ya yi fari, ban jira izinin Baba ba, na ari amalanken wani ɗan dako muka ɗora shi, na tura shi da gudu har asibiti, Baba na biye da mu ba hula.

Likita Bature ne, ya yi abin da zai iya. Washegari kafin rana ta take tsaka Baffa Sule ya cika. Baba ne ya yi masa wanka.

A asibitin akwai wani maƙwabcinmu, Yohanna, Kirista ne daga ƙasar kudancin Bauci, yana aiki a ɗakin gwajin jini. Mutumin kirki, ni nake masa aski, kuma Hausarsa ba ta san mace ba, kowa a wurinsa "ya" ne, har uwarsa. Bayan an yi sadakar uku ya ja ni gefe ya ce akwai abin da ke damunsa. Ya ce kafin Baffa ya rasu sun tsaga masa ɗan kunne kaɗan don su ga yadda jinin zai tsaya, ya ƙi tsayawa. Ya yi mini bayani cewa a cikin jinin kowa akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, ido ba ya ganinsu sai da madubin asibiti, aikinsu shi ne da zarar an ji rauni su ruga wurin su manne da juna su toshe ƙofar. Na ce ashe kamar matan unguwarmu ne in an fara dambe. Bai yi dariya ba.

"Na duba na Baffa, Habu. Suna nan da yawan su, ba su ragu ba. Amma sun ƙi kama juna. Likita ya ce wani lokaci haihuwan mutum ne haka, wani lokaci kuma abin da ya sha ne. Ni ba zan rantse ba. Amma ka tambayi matan shi, ko ya ba shi wani abu."

Na ce masa Baffa mutum ne da Baba ya yi wa ƙaho ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, jininsa na tsayawa kamar na kowa. Yohanna ya ce to, ai ka ji.

Bayan la'asar na samu Baba a tsakar gida yana zaune a kan turmi, abin da ban taɓa gani ba, don ba ya zama cikin gida da rana. Na kwashe abin da Yohanna ya ce na faɗa masa, da ƙarfi kamar yadda na saba, har da 'yan mitsi-mitsin da suka ƙi aiki. Inna tana bakin murhu tana tankaɗe. Sai na ji rariya ta faɗi. Ta taso, ta zo ta durƙusa nesa da shi kaɗan, ta ce tana da magana. Ta ce Goggo Mairo ta sha mai-saki shekaru ba a dace ba, sai ta zo ta ce ko a gwada ba mai gidanta, tunda an ce wani lokaci daga wajen namiji ne. Baffa ya yarda bisa sharaɗin kada wani mahaluki ya ji, musamman amininsa. Safe da yamma yake sha, kuma da ya ga shiru sai ya ninka.

"Tun yaushe?" in ji Baba.

"Tun kafin azumi."

"Kin san yana hana jini tsayawa?"

"Na sani."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Inna ta ɗago kai ta dube shi, kuma ina jin wannan ne karo na farko da na ga ta dubi tsakiyar idonsa.

"Ka taɓa tambayata abin da ke cikin tukunyar? Ni mata nake hanawa, masu ciki da masu jego. Namiji haihuwa yake yi? Ta ina zan san jini zai same shi?"

Akuyarmu ta zo ta cinye garin da ya zube, muna kallonta.

Ni a raina murna ce ta fara zuwa, ba zan ɓoye ba, don na ga an wanke Baba. 'Yan'uwan Baffa sun riga sun iso daga ƙauye, wansa Malam Hammadu ya kai ƙara gaban alƙali, gari kuma ya ɗauka cewa hannun Ɗanjuma ya fara rawa, ya zarce ya yanke jijiya. Na ce wa Baba gobe sai mu tafi da Yohanna, a kira Goggo Mairo, a faɗi gaskiya, shi ke nan. Ya bar ni na gama zubata, sannan ya tambaye ni, in an faɗi gaskiyar, wa za a kira mai guba. Ya ce in yi tunanin uwata a tsaye gaban alƙali, maza cike da fili, ana tambayarta abin da take ba mata. Ya ce in yi tunanin Mairo, tana cikin takaba, dangin miji su ji cewa da hannunta ta riƙa ba ɗan'uwansu abin da ya kashe shi. Sannan ya ce akwai kuma Sule. Mutumin da ya gwammace ya yi masa ƙarya aska na bakinsa da a san abin da ke damunsa, shi ne za a tona a bainar jama'a bayan ƙasa ta rufe shi? Na ce to shi fa, sunansa fa, da sana'ar da muka gada tun kakanni? Ya ce shi namiji ne, zai iya ɗauka. Na ce ni ban iya ba. Ya ce zan koya. A nan ya sa na yi alkawari cewa muddin shi, ko Inna, ko Mairo, ɗayansu na numfashi, maganar nan ba za ta fita daga bakina ba. Ku da kuka san bakina, ku auna abin da aka ɗora mini.

Ranar shari'a da safe muka fito, sai ga Inna a bayanmu da mayafi, ta ce ita ma za ta. Ta ce ba za ta zauna a ɗaure wani da igiyarta ba. Baba ya tsaya a ƙofar da ta raba cikin gida da zaure, ya cika ta.

"In kika taka zauren nan, a bakin aurenki."

Tun da nake ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ta tsaya, ta tsaya, sannan ta juya. Muna fita muka ji ƙarar fashewar tukunya.

A gaban alƙali an kira Yohanna ya faɗi saƙon likita, cewa jinin mamacin yana da matsala, mai yiwuwa ya sha wani abu. Alƙali mutum ne mai natsuwa, na ga alamar yana neman ƙofar da zai fitar da Baba. Ya tambaya ko akwai wanda ya san mamacin yana shan magani. Ina zaune, harshena kamar zai tsinke ya fita da kansa. Baba ya gyara zama.

"Allah ya gafarta Malam, na tambaye shi kafin in taɓa shi, ya ce bai sha komai ba. Sule kuwa ba ya ƙarya. Hannuna ne ya zarce."

Yohanna ya waiwayo ya dube ni, na sunkuyar da kai. Aka yanke cewa kuskure ne ba ganganci ba. Malam Hammadu ya ce sun yafe diyya, amma da sharaɗin Ɗanjuma ya ajiye aska har abada, kada ya sake kashe wa wasu nasu. Baba ya ce ya karɓa. Muka dawo gida, ya naɗe zabirarsa ya rataye a ƙusa, ya share zauren da kansa.

Yanzu bari in gaya muku halin mutanen da kuke gaisarwa kuna durƙusawa. Mutanen da Baba ya yi wa kaciya, ya yi wa 'ya'yansu, ya kwana a kan jinyarsu, su ne suka riƙa canza hanya in sun hango shi. Zauren da da in ka zo sai ka jira a matsa maka, ya koma wurin shan iskar ƙadangaru. Wani dattijo da ba zan ambaci sunansa ba, don jikokinsa abokanku ne, ya ce shi dama tun bara ya lura hannun na rawa. Tun bara! Mutumin da sati biyu kafin abin ya miƙa wa Baba maƙogwaronsa yana minshari. Kowa ya zama mai hangen nesa. Da a ce duk waɗanda suka ce sun ga alama sun gani ɗin, da Bauci ta fi ko'ina yawan waliyyai. Ni ma gidajen da nake zagayawa suka fara aiko yara su ce mai gida ya yi tafiya, alhali ina jiyo tarinsa daga soro. Ɗan mai yanka ai mai yanka ne. Kafin kaka na sayar da asakena na koma gyaran keke a bakin kasuwa, shi ya sa kuka buɗe ido kuka ga ubanku da baƙin mai har gwiwar hannu, kuna zaton haka aka haife shi.

Abin da ya fi ci mini rai, matan da mazansu ke zagin Baba a waje, su ne ke lallaɓowa cikin gida suna tambayar Inna ko da sauran mai-saki. Ta ce ta bari. Suka ce ciwon mijinta ne ya taɓa ta, Allah sarki. Ba na jin duk cikinsu an rasa wadda ta haɗa biyu da biyu, don Mairo ba a ɓoye take shigowa ba, amma ko ɗaya ba ta yi magana ba. Goggo Mairo kuwa ta gama takaba, ta koma garinsu, ta yi wani auren, ta haifi 'ya'ya har sai da ta gaji. Na daɗe ina jin haushinta. Sau ɗaya ta aiko wa Inna da man shanu, Inna ta ba maƙwabta.

Kada ku zaci abin ya ƙara wa Baba da Inna ƙauna, kamar yadda ake yi a tatsuniya. Bai ƙara ba. Ya rufa mata asiri, ita kuma ba ta taɓa yafe masa rufin ba, don ya bar ta da abin da ba ta da inda za ta sauke. Shi ma, ko da bai faɗa ba, duk sanda ta ajiye masa tuwo sai ya ɗan dubi kwanon kafin ya sa hannu. Suka zauna a gida ɗaya suna girmama juna kamar baƙi biyu a tashar mota.

A makon bikin mulkin kai aka haife ka, kai babbansu. Gari ya cika da tutoci, 'yan makaranta suna maci cikin kayan da wasu teloli suka ƙarasa, kowane namiji a Wunti ya yi sabon aski, kawuna na ƙyalli kamar an jera ƙore a rana, kuma ko ɗaya ba daga zaurenmu ya fito ba. Ana gobe suna, kakanka na wajen uwa ya aiko cewa shi ba ya son fitina, amma askar gidan nan ba za ta taɓa kan jikansa ba, ko ta uban ko ta ɗan. Na tashi zan je in gaya masa abin da zai hana shi barci shekara, Baba ya ce in zauna, mutumin yana da gaskiya a kan abin da ya sani. Shi da kansa ya aika aka kira Ɗan'azumi, wani wanzami da ya koyi aiki a hannunsa.

Da safe aka taru, ba yawa. Liman ya tambayi sunan, na dubi Baba, don shi na bar wa zaɓi. Ya ce Sulaimanu. Wani ya yi gyaran murya, liman ya maimaita tambayar kamar bai ji ba, Baba ya maimaita amsar. Aka yi addu'a, aka raba goro. Sannan aka fito da kai don aski, Baba ya miƙa hannu ya karɓe ka, ya ce ai riƙo ba aski ba ne. Ya ɗora ka a cinyarsa, ya tallafe kanka.

Ɗan'azumi ya durƙusa a gaban malaminsa, gumi na zuba masa kamar wanda ya yi noma. Ya yi rabin kan lafiya. Da ya zo bayan kunne sai askar ta ɗan ci fata, ka tsala ihu, jini ya fito, ɗigo ɗaya, ya fara gangarowa. Ba wanda ya motsa. Ɗan'azumi ya daskare da aska a sama. Na ga yatsan Baba ya ɗaga zai danne wurin, sai ya mayar da shi. Ya sunkuya yana kallo kawai, mu ma muna kallo. Ɗigon ya gangaro kaɗan, ya yi nauyi, ya yi duhu, ya tsaya.

Baba ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, ni ya duba, ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Ka gani, Habu? Da kansa yake tsayawa. Ni duk shekarun nan ina zaton ni nake tsayar da shi."

Ya ce wa Ɗan'azumi ya ƙarasa, kuma ya riƙa kwantar da askar, kada ya tsayar da ita. Da aka gama ya miƙa ka gare ni, ya shiga cikin gida ya wanke hannunsa, ko da yake ba abin da ya taɓa.

Sule, sa yatsanka a bayan kunnenka na hagu. Wannan ɗan tabon da uwarka ta ce maka ƙaya ce, ba ƙaya ba ce.